Yadda wata Islamiyya a Pantami ta gyara naɗar karatunta da ƙaramin akwatin sauti na USB

A unguwar Pantami da ke cikin garin Gombe akwai wata makarantar Islamiyya da malaminta ke karantar da manya tsakanin Magariba da Isha'i. Zaure ne mai faɗi, ƙasansa siminti, bangonsa filasta, rufin kwano da silin, ƙofarsa tana kallon titi. Maza suna zama gaba, mata a bayan labule. Sai dai mafi yawan masu bin karatun ba sa taka zauren: matan aure da ba sa fita da dare, direbobin da ke kan hanyar Bauchi ko Yola, da tsofaffin ɗalibai da aiki ya kai su Kumo, Bajoga da Dukku. Waɗannan ta WhatsApp karatun ke iske su. Wani matashi cikin ɗaliban, wanda ke karatu a jami'a, shi ke ajiye wayarsa a gaban Malam ya danna naɗa, in an tashi ya tura.

Ƙorafi bai taɓa yankewa ba. Muryar Malam can nesa, fanka a kusa. Babur ya wuce, jimla guda ta ɓace. Kira ya shigo wayar, naɗar ta yanke. Duk an daure wa wannan, har ranar da wata mata ta aiko da saƙo cewa ta maimaita wani wuri sau da yawa amma ta kasa gane ko sin Malam ya karanta ko sadi. A karatun da ake gyaran baki da shi, wannan ba abin a kawar da kai ba ne. Nan kwamitin makarantar ya yi karo-karo, aka ce a sayi kayan naɗa na gaske.

Abin da aka saya, da abin da aka ƙi

Ra'ayi ya rabu biyu. Wasu suka ce a sayi irin kayan da masu yin kai-tsaye a TikTok ke amfani da su: ɗan akwati mai maɓallai kala-kala, mai tafi da dariya da amsa-kuwwa a ciki, haɗe da makirfo mai ragar zinare da ƙafarsa. Yana da araha, kuma ya cika ido. Wani dattijo a kwamitin ya ce araha ba ta ado, a tara kuɗi a sayi irin na gidan rediyo ko a bari. Da yake ina harkar sauti a wuraren taro, aka nemi in sa baki, ni kuma na bi tsakiya: ƙaramin akwatin sauti na USB, wanda 'yan sutudiyo ke kira saun kad, mai kafar makirfo guda.

Aikin wannan akwati uku ne. Wutar da makirfo ke fitarwa 'yar mitsitsiya ce, don haka akwatin yana fara ƙara mata ƙarfi. Sannan ya mayar da ita lambobi da kwamfuta ke fahimta, yana auna sautin sau 44,100 ko sau 48,000 a kowace daƙiƙa. Na uku, yana iya ba makirfon da ke bukata wuta mai ƙarfin bolt 48 ta cikin wayarsa, duk da cewa shi kansa bolt 5 kawai yake sha daga kafar USB. Kwamfutar tafi-da-gidanka ma tana da nata abin ɗaukar sauti a ciki, amma don hira ta intanet aka yi shi, yana maƙale cikin hayaniyar sauran kayan lantarkin kwamfutar, kuma ba shi da kafar XLR mai ƙafa uku da makirfon kirki ke amfani da ita.

A wannan aji akwai Behringer UM2 da UMC22, da M-Audio M-Track Solo, dukkansu suna tsayawa a awo 48,000 a daƙiƙa da bit 16 (bit shi ne yawan lambobin da ake rubuta kowane awo da su). Sama da su akwai UMC202HD mai kafar makirfo biyu, da Focusrite Scarlett Solo ɗan jan akwatin nan na kamfanin Ingila, waɗanda ke kaiwa 192,000 da bit 24. Farashinsu yana bin dala, yau daban gobe daban. An sayi ɗaya daga cikin ƙananan. Matashin ya so babba saboda lambobin da ya gani a jikin kwali, amma faifan CD da duniya ta yi shekaru tana sauraro bit 16 ne da 44,100, kuma bit 16 na ba da tazarar kusan desibel 96 (desibel ma'aunin ƙarfin sauti ne) tsakanin sauti mafi rauni da mafi ƙarfi. Zauren da ke bakin titin Pantami ba zai taɓa yin shirun da zai ƙure wannan tazara ba. Kuɗin da ya rage aka zuba a makirfo da wayar haɗa shi da akwatin, kuma a ganina wannan ne mafi kyawun hukuncin da kwamitin ya yanke.

Kwamfutar ta matashin ce, ta hannu, mai Windows. Manhajar naɗa kuwa Audacity, wadda kyauta ce.

Daren farko

Karatun farko da aka naɗa ya fita da matsala biyu, kuma babu wadda ta shafi ingancin akwatin.

Ta farko ban dariya gare ta. Wasu suka ce sun ji tangaram, wasu suka ce sun buɗe fayil ɗin babu komai a ciki. Duka gaskiya suka faɗa. Akwatin kafa biyu gare shi, ta makirfo da ta jita, kuma yana nuna wa kwamfuta kafa ta ɗaya a matsayin kunnen hagu, ta biyu a matsayin kunnen dama. Matashin ya bar Audacity a kan layi biyu, makirfo kuwa yana kafa ta ɗaya, sai muryar Malam ta tare a hagu, dama ba kowa. Mai sauraro da lasifikar waya bai lura ba. Amma mata da yawa kunne ɗaya suke sa abin ji, ɗayan a bar shi don jin kukan yaro ko sallama, to duk wadda ta sa na dama shiru ta ji. Maganin bai wuce a zaɓi layi ɗaya a Audacity kafin a fara ba.

Ta biyu ta fi haɗari. Makarantar tana da amfilifaya da lasifika don na bayan labule su ji. Matashin ya ga ba sai an sa wa Malam makirfo biyu ba, ya jawo waya daga bayan amfilifayar zuwa akwatin. Allah ya taimake shi kafar fitar da sauti zuwa rikoda ya samu, ba inda ake ɗaura lasifika ba, don wutar da ke tafiya lasifika tana iya ƙone kafar akwatin. Duk da haka abin da ya fito murya ce a tsage, da wani ƙugi a ƙarƙashinta daga farko har ƙarshe. Aka raba su: amfilifaya da makirfonta, akwati da nasa, ba wayar da ta haɗa su. Lasifikar kuma aka mayar da ita can bayan labule tana kallon mata, aka rage ta. Tsagewar ta tafi. Ƙugin ya ragu amma bai tafi ba.

Ƙugin

Nan ne aka fi daɗewa, kuma nan ne mutane da yawa ke yanke hukuncin cewa an sayar musu da jabu.

Wutar Najeriya tana kaiwa da komowa sau 50 a daƙiƙa. In ta samu hanyar shiga layin sauti, sai a ji ta a matsayin ƙugi mai kauri a mita 50, wato kaɗawa 50 a daƙiƙa, tare da 'ya'yansa a 100, 150, 200 da sama. Hanyar gano inda take shiga ba ta bukatar wata na'ura: a sa hedfon, a ɗaga ƙarfin makirfo, a riƙa cire abubuwa ɗaya bayan ɗaya ana sauraro. Aka kashe fanka, ƙugi na nan. Aka kashe ƙwan fitila, yana nan. Aka zare cajar kwamfuta daga soket, ɗif, kamar an yanke shi da wuƙa. Aka mayar, ya dawo.

Cajar ba ta asali ba ce, irin wadda ake saya a kasuwa in ta farko ta mutu, kuma soket ɗin zauren ba shi da wayar at mai aiki, wadda ke kai wutar da ta ɓace zuwa ƙasa. Dattin wutar da caja ke fitarwa sai ya bi jikin kwamfuta, ya bi wayar USB, ya shiga akwatin, shi kuma akwatin aikinsa ƙara ƙarfi ne, bai san murya da datti ba. In an ɗauke wuta aka ta da ƙaramin janareta, abin ya ninka, don janareta ba ya tsayawa cak a 50. In aka ɗora masa kaya ya sauka, in aka rage ya hau. Shi ya sa matatar da ake sa wa a Audacity don yanke mita 50 daidai ta kan yi aiki a kan wutar gari amma ta sha kasa a kan janareta: kana yanka a wuri ɗaya, ƙugin ya riga ya matsa. Inbata mai araha da ba ta fitar da wuta mai santsi ita ma tana da nata zizar, mai kaifi.

Matashin ya fara gwada goge ƙugin bayan an gama naɗa, da abin rage hayaniya na Audacity. Ana ba shi ɗan wurin da ba a magana ya ɗanɗana, sai ya bi fayil ɗin yana cire duk abin da ya yi kama da shi. In an taɓa kaɗan yana taimakawa. In aka matsa masa, sai ya zama mai tsintar tsakuwa a shinkafa da ya haɗa da shinkafar ya watsar. Abin da yake fara ci kuwa shi ne siraran sautuka na sama, inda sin da sadi da shin suke rabuwa, inda tsa ta Hausa ke bambanta da sa. Wato ainihin abin da ya sa aka sayi kayan. Fayil ɗin da ya fito ba ƙugi, amma Malam yana magana harshe a daskare.

Maganin da ya zauna shi ne a naɗa a kan batir, caja a zare. Batirin kwamfutar ya tsufa, ba ya kai wa Isha'i, don haka aka sayi sabo, wanda kuɗinsa bai kai bambancin da ke tsakanin ƙaramin akwati da babba ba. Da an sayi babban, da wannan caja da wannan soket, ba abin da ya tabbatar ƙugin ba zai biyo shi ba. Wani mai gyaran lantarki ya ba da shawarar a karya ƙafar at ta filogi. Na hana. Wannan ƙafa don ran mutum aka sa ta, kuma wurin da yara ke kai-komo ba takalmi a kan siminti ba wurin gwada irin wannan dabara ba ne.

Sauran ɗan zizar da ya rage daga wayar makirfo yake. Wadda ta zo a kwali XLR ce a gefe ɗaya, ɗaya gefen ƙaramin filogi irin na hedfon. Aka sauya ta da XLR gaba da baya. Amfanin ƙafafun nan uku shi ne biyu suna ɗauke da sautin, ɗaya a miƙe ɗaya a juye, ta uku garkuwa. Duk dattin da wayar ta kwaso a hanya yana hawa kan biyun daidai wa daida, in sun iso akwatin aka juyo ɗayar, murya ta haɗu, datti ya kashe kansa. Wayar salula ma aka hana ajiye ta kusa da akwatin, saboda tit-tit ɗin da take sa wa in kira zai shigo.

Makirfo da zaman Malam

Makirfon sutudiyo iri biyu ne a takaice. Akwai kwandensa, mai bukatar bolt 48, mai jin komai har motsin takarda. Akwai dainamik, irin na hannu da ake wa'azi da waƙa da shi, wanda Shure SM58 ya fi shahara a cikinsu tun fitowarsa a 1966, ba ya bukatar wuta, kuma sai an matso shi yake ji sosai. Wani ɗalibi ya aro kwandensa aka gwada. Muryar ta yi kyau ƙwarai, haka ma fanka, da acaɓa, da mai shayin tsallaken titi, da amon zauren kansa, don siminti da filasta ba sa shan sauti, mayar da shi suke yi. A ɗakin da aka killace kwandensa sarki ne. A wannan zaure dainamik mai sauƙin kuɗi ya fi shi amfani nesa ba kusa ba, kuma shi aka saya. Maɓallin bolt 48 da ke jikin akwatin aka bar shi a kashe.

Sai dai dainamik yana da sharaɗi: kusanci. Duk lokacin da tazarar baki da makirfo ta ninka, ƙarfin muryar da ke isa gare shi yana faɗuwa da kusan desibel 6, hayaniyar ɗaki kuwa tana nan yadda take. In Malam ya yi nisa, dole a murɗa ƙarfin akwatin har ƙarshe, kuma a can ƙarshen ne ƙananan akwatuna ke fara huci. Wanda bai sani ba sai ya ce akwatin ne ba shi da kyau, alhali makirfon ne aka ajiye kamu guda daga baki.

Malam kuwa a ƙasa yake zama kan buzu, littafi a cinya. Yana sunkuyawa ya karanta, ya ɗago ya yi bayani, ya juya dama ya amsa wa wani. Daren da aka matso masa da makirfon ya dube shi ya dubi matashin.

"Kai yaro, wannan abin naka sai na rungume shi kafin ya ji ni?"

"Allah gafarta Malam, taƙi ɗaya kawai. In Malam ya sunkuya ma zai ji."

Aka samo gajeriyar ƙafa mai lanƙwasa, aka kafa makirfon ƙasa da haɓa yana kallon sama, ta yadda ko ya sunkuya ko ya ɗago bakin bai fita daga gabansa ba. Aka ɗan karkatar da shi gefe don iskar fa da ba kada ta riƙa dukansa kai tsaye, aka sa masa soso. Ƙarƙashin ƙafar aka ninka darduma, saboda takun masu shigowa a makare yana bin siminti ya hau ƙarfe. Irin wannan makirfo gabansa yake ji, bayansa kurma ne, don haka aka juya wurin zaman Malam kaɗan har bayan makirfon ya kalli ƙofar titi. Wannan juyin kaɗai ya rage babura fiye da duk abin da manhaja ta iya.

Fanka ba ta kasuwa a watan Maris da Afrilu a Gombe, kowa ya san haka. Aka rage gudun wadda ke saman Malam, aka bar sauran, sannan bayan naɗa ana yanke duk abin da ke ƙasa da mita 80, inda rurin fanka da na manyan motoci suka fi taruwa, muryar namiji kuma ba ta da wani abin kirki a can. An kawo shawarar manna kiret ɗin ƙwai a bango. Ba ya hana ƙarar waje shigowa, kyankyasai kawai zai tara. Shimfiɗa tabarmi da dardumai a duk faɗin ƙasa, da rataye bargo mai kauri a bangon da ke bayan Malam, sun fi shi rage amo. Jama'a ma in sun cika zauren suna shanye sauti, shi ya sa naɗar ranar da aka cika ta fi ta ranar ruwan sama daɗin ji.

Ƙarfi, jinkiri da turawa

A jikin akwatin akwai 'yar fitila da ke yin ja in sauti ya wuce iyaka. Matashin yana saita ƙarfi da muryar da Malam ke buɗe karatu da ita, a hankali, sai a tsakiyar darasi in magana ta kai inda Malam ke ɗaga murya, fitilar ta yi ja, wurin ya fashe. Abin da ya fashe a lambobi ba ya ɗinkuwa. Yanzu yana saitawa ta yadda ma'aunin Audacity ke yawo wajen desibel -12, in an ɗaga murya ya taɓa -6, kada ya kusanci sifili. In an gama sai a ɗaga fayil ɗin gaba ɗaya.

Jinkiri kuma ya ɗan rikita shi da farko: yana jin Malam da kunnensa, sannan ya sake jinsa a hedfon a makare. Kwamfuta tana tara ma'aunai ne tukuna kafin ta sarrafa su. In tana tara 256 a kan 48,000, wajen kashi 5 cikin dubu na daƙiƙa ke nan, in 1,024 ne ya haura kashi 21, kuma sai an lissafa shiga da fita. Akwatin yana da maɓallin sauraro kai tsaye da ke kai sautin makirfo hedfon ba tare da ya bi ta kwamfuta ba. Aka danna shi, aka kashe na manhaja, magana ta ƙare. Mawaƙin da ke ɗora murya a kan kiɗa a FL Studio ko Cubase shi ke da ruwa da ASIO, wata 'yar manhajar sauti ta Windows, da rage jinkiri. Mai naɗar karatu gara ma ya bar tarin da yawa, don tsohuwar kwamfuta in aka takura mata sai ta riƙa sa ƙas-ƙas a cikin sauti.

Awa ɗaya ta murya a layi ɗaya, bit 16, 48,000, tana cin kusan megabait 345 a matsayin WAV, wato fayil ɗin sauti da ba a matse ba. Wannan ake ajiyewa a faifan waje, da kwanan wata da babin da aka karanta a sunan fayil. Wanda ake turawa MP3 ne a kilobit 64, kusan megabait 29 a awa. An gwada ƙasa da haka don tausaya wa masu ƙarancin data, haruffan nan suka fara narkewa, aka dawo.

Kayan duka suna shiga jaka ɗaya. Ƙurar hunturu in ta shiga abin murɗa ƙarfi sai ya fara ƙarar-ƙarar, don haka ba a barin akwatin a zaure, kuma wayar USB ɗinsa irin ta firinta ce, an sayi ta biyu an ajiye.

Abin da har yanzu bai warware ba shi ne tambayoyi. Makirfon da aka zaɓa don kada ya ji titi, ba ya jin ɗalibin da ke layi na huɗu, balle matan bayan labule. Mai sauraro sai ya ji shiru, sannan ya ji amsar tambayar da bai ji ba. A yanzu Malam yana maimaita tambaya kafin ya amsa, in ya tuna, in ya manta matashin ya ɗaga masa yatsa. Kafa ta biyu da ke jikin akwatin ta jita ce da makamantanta, ba ta ɗaukar makirfo yadda ya kamata. Kwamitin yana duba sayen mai kafar makirfo biyu kafin azumi, da doguwar wayar XLR ta mita 10 da za ta bi gefen bango zuwa bayan labule, ƙaramin kuma a ba ajin yara na safe.